Yaya, Ka Je Filin Ranar Atisaye

Assalamu alaikum Yaya. Ina fata kuna lafiya, da Inna da iyali da duk mutanen Badariya. Saƙon muryarka ya same ni a bakin fili, ina zaune kan kujerar naɗewa da laima a hannu, don zafin Dalas ta nan Amurka a watan Agusta ba shi da maraba da na Birnin Kebbi gab da faɗuwar damina. Na ji tambayarka game da Abba: ko a bar shi wajen kocin unguwa, ko a biya kuɗin fom da jesi a kai shi akadamin nan da aka buɗe, mai cewa zai fitar da yara Fotugal kamar Zaidu Sanusi. Bari in ba ka labarin abin da na gani a nan, sai ka auna da kanka.

A nan ƙwallon yara sana'a ce, iyaye kuma su ne masu saye. Akwai ta nishaɗi, mai araha, wadda uban wani yaro ke riƙe usur ranar Asabar. Akwai kuma ta gasa, wadda sai an gwada yaro kafin a ɗauke shi, kuma a ita yaron wajena yake shekara uku ke nan. Abin da nake biya a shekara ya haura dala dubu biyu, ban da jesi, ban da man mota, ban da kuɗin otal idan wasa ya kai mu Hustan, tafiyar da ta kai nisan Birnin Kebbi zuwa Gusau. Kada ka juya kuɗin zuwa naira, hawan jini zai kama ka. Kyauta sai a akadamin manyan kulob irin FC Dallas da ke Frisco, inda 'yan wasan Amurka Weston McKennie da Ricardo Pepi suka taso, kuma shiga can sai wane da wane.

Kaya dai ba a magana. Ciyawa shimfiɗe kamar darduma, fitilu har goma na dare, raga sabuwa fil, kowane yaro da ƙwallonsa da gorar ruwansa. 'Yan shekara tara da goma bakwai-bakwai suke bugawa a ƙaramin fili, na sama da su tara-tara, sai sun shiga ajin 'yan ƙasa da 13 ake sa su sha ɗaya. Tun 2015 hukumar ƙwallon Amurka ta hana 'yan shekara goma zuwa ƙasa sa kai a ƙwallo saboda ƙwaƙwalwa. Koci ba ya fara aiki sai an binciki tarihinsa, ya yi kwas na kare yara, sannan akwai lasisi hawa-hawa, daga na masu koyo zuwa D, C, B, A, har na ƙwararru. In aka yi tsawa, kowa ya koma mota sai an yi rabin awa ba a ji wata ba.

Amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Wanda ya zuba irin wannan kuɗi yana son ya ga abin da ya saya, kuma abin da ido ke saurin gani shi ne ci nawa aka yi, da minti nawa ɗansa ya buga. Na ga uwa riƙe da waya tana lissafa wa ɗanta mintoci, ana tashi ta aika wa shugaban kulob takardar ƙorafi. Wasu kuma harshen koci suke saurare: in ya yi magana irin ta mutanen Ingila, shi ke nan ya iya ƙwallo, ko da a can bai taɓa riƙe ko 'yan firamare ba.

Kocinmu na farko gwanin cin kofi ne. Yana da wani dogon yaro mai gudu kamar barewa, wanda ya riga tsaransa girma. Dabarar duka ita ce a narka ƙwallo gaba, dogo ya bi. Daga usur ɗin farko zuwa na ƙarshe yana ihu, "Buga! Fitar! Ba shi!", har yara suka koma in ƙwallo ta zo musu sai sun waiga benci tukuna. Mun ci kofi biyu, mun yi hotuna, har na turo maka ɗaya. A lokacin da wani ya ce min kocin nan bai iya ba, da mun ɓata.

Da ya koma wani kulob da dogon yaronsa, aka kawo mana wani ɗan asalin Meziko, mai sanyin murya, wanda da rana gyaran na'urar sanyaya ɗaki yake yi. Ya ce gola ba zai ƙara narka ƙwallo ba, sai dai ya miƙa wa 'yan baya su fito da ita ƙafa da ƙafa. Wasan farko aka zuba mana biyar ba ko ɗaya, uku daga ciki kyauta muka bayar a bakin ragarmu. Zauren iyaye na WhatsApp ya kama da wuta. Ba zan ɓoye maka ba, har da ni a masu cewa a canza shi, don ya ɗauke yarona daga gaba ya mai da shi lamba uku, wato ɗan baya, ni kuwa gani nake Yekini na haifa. Ka tuna a garin nan ne, a filin Cotton Bowl, Rashidi Yekini ya ci wa Najeriya ƙwallonta ta farko a gasar duniya a 1994, ya kama raga yana kuka. Duk lokacin da muka wuce wajen sai na nuna wa yaron.

Abin da ya sauya min tunani ƙaramin abu ne. Wata Talata aka tashe mu aiki da wuri, maimakon in ajiye shi in wuce kamar kullum, sai na zauna. Carbin dannawa na hannuna, sai na ce bari in ƙirga sau nawa ƙwallo za ta taɓa ƙafarsa. Kafin minti goma na wuce ɗari na daina. Babu layi, babu mai tsayuwa. An kasa su huɗu-huɗu a 'yan murabba'ai, ana ƙwace ana fasin. Sai na tuna atisayen tsohon kocin, inda yara goma sha huɗu ke jeruwa kamar masu jiran awo, kowa ya buga sau ɗaya ya koma baya yana wasa da ciyawa. Can wani yaro ya ba da fasin ta tsakiya aka tare. Kocin ya tsayar da wasa, ya durƙusa daidai tsawon yaron, ya tambaye shi me ya gani kafin ya buga. Yaron ya yi shiru, ya duba, ya nuna wani abokinsa da ke tsaye shi kaɗai a gefe. Kocin ya ce to, a ci gaba. Maganar ba ta kai rabin minti ba.

Da azumi ya zo, shi ya fara tambayata ko yaron zai yi, ya rage masa gudu, ya kuma matsar da shi rukunin da ke fita gab da magariba. Duk da haka, da lokacin gwaji ya zagayo iyaye biyar suka kwashe 'ya'yansu zuwa inda ake cin kofi. Ban ga laifinsu sosai ba, kuɗinsu ne. Mu da muka tsaya, yanzu yarona yana karɓar ƙwallo da hagu, yana ɗaga kai kafin ta iso.

Wannan ya sa na riƙa tuna kocinmu na filin makarantar firamare, Allah ya jiƙansa. Ba lasisi, ba albashi, ƙwallo ɗaya tak, ita ma in ta fashe sai an kai wa mai faci mu zauna jira. "Mi kaka jira? Ba shi ka wuce!" Amma ya san gidan kowa, in ka yi fashin Islamiyya ba ka taɓa ƙwallo ranar, in ka ji rauni a kan kekensa zai kai ka gida. Irin wannan a nan ko nawa ka biya da wuya ka samu. Sai dai kada mu yi wa kanmu ƙarya, yana da dorina, yana sa mu zagaye fili da tsakar rana ba ruwa, kuma shi da bakinsa ya ce wa wani abokinmu ya zubar da shekara uku kafin gasar jiha. Mu 'yan Najeriya mun ɗauki kofin duniya na 'yan ƙasa da 17 har sau biyar, daga 1985 zuwa 2015, amma je ka lissafa yara nawa daga ciki suka yi nisa bayan nan.

Game da mai akadami, Zaidu ɗan Jega ne, gaskiya, amma bai faɗo babban kulob ɗin Porto daga sama ba. Sai da ya yi shekaru a ƙananan kulob na Fotugal, ya buga wa Santa Clara, kafin su saye shi a 2020. Kuma dokar FIFA ta hana kai yaron da bai cika 18 ba kulob na wata ƙasa, sai a wasu 'yan yanayi ƙalilan. Abba shekararsa goma sha uku. Duk wanda ya ce ka kawo kuɗin biza yanzu, ka riƙe aljihunka.

Ka je wajen su biyun ranar atisaye, ba tare da ka sanar ba. Ka zauna nesa kaɗan da carbinka ka ƙirga. Ka duba ko akwai ruwan sha, ka ji da wane suna ake kiran yaron da ya yi kuskure, ka kuma lura da wanda ya fi kowa ƙanƙanta, ko ana sa shi wasa ko aikinsa ɗauko ƙwallo daga bayan katanga. In kun dawo gida kada ka tambayi Abba wa ya ci, ka ce ya nuna maka abin da aka koya masa yau a tsakar gida.

Akwai mai zuwa Sakkwato ƙarshen wata, zan ba shi takalma ƙafa shida da yaran ƙungiyarmu suka fi ƙarfinsu, da ƙwallo biyu da famfo. Masu ƙananan haƙora na zaɓa, don masu dogaye ba sa jure ƙasarmu mai tsakuwa. Ka sa Abba ya taka takarda a zana ƙafarsa a auna da ma'auni a turo min, lambar takalmin nan ba ɗaya take da ta gida ba. Ka gaishe min da Inna, ka ce mata maganin gwiwarta yana cikin jakar.