Tsohuwar kyamara mai fim: wacce za ka saya a Accra?

In kana neman kyamarar fim 35mm da za ta jure wa danshin Accra, nemi Pentax K1000. An ƙera ta daga 1976 zuwa 1997, shi ya sa har yau ba a rasa kayan gyaranta. Da ƙarfe da sifirin take aiki, batir LR44 ɗin cikinta na allurar auna haske ne kawai. Ko ya mutu ana tsakiyar biki a unguwar Nima, hoto zai ci gaba da ɗaukuwa, da saurin ɗauka daga daƙiƙa 1 zuwa 1/1000 na daƙiƙa. Gilashin 50mm f/2 da take zuwa da shi ya wadatar. Aibinta ɗaya, allurar ba ta da makunni: ka bar gilashin babu murfi, batir ya zuƙe. Wadda aka rubuta Asahi a goshinta ta fi, don na ƙarshe-ƙarshe da aka haɗa a China samansu roba ne.

Canon AE-1 kuwa, babu batir babu hoto. Olympus OM-1 batirin da aka yi ta da shi an daina yin sa. Nikon FM2 ba ta da laifi, sai dai tsada.

Wajen ciniki ake cin mutum. Duk wanda ya ce maka "Alhaji, lafiyarta ƙalau, batir ne kawai babu", zaro naka daga aljihu. Cire gilashin, ka haska tocilar waya ta bayansa. Ƙura kaɗan ba komai, amma zare-zare fari kamar yanar gizo-gizo funfuna ce, dakushe hoto take yi, kuma goge waje ba ya fitar da ita. Buɗe bayan kyamarar ka taɓa baƙin soson bakin murfin. In ya manne maka a yatsa kamar kwalta, haske zai shiga ya ja jan layi a fim. Wannan yana gyaruwa, sai a rage maka kuɗi. Ka sa ta kan daƙiƙa 1 ka saurara: in labulen da ke buɗewa haske ya shiga fim ya yi jinkiri ko ya maƙale, man ciki ya daskare. Koren gari a ramin batir kuma, ajiye ta ka wuce.

Fim ma a duba kwanan watansa. Kodak Gold 200 da ya sha rana a kan tebur launinsa ya riga ya gurɓace. In ka kai kyamarar gida kada ka rufe ta cikin jakar fata, nan funfuna ke yaɗo. Sa ta a roba mai murfi da 'yan ƙunshin silika, masu shanye danshi.