Kwat ɗaya mai kauri ko riga bisa riga?

Ƙanwata za ta tafi karatu Glasgow, a Sikotilan, sai gardama ta tashi a gidanmu na Jos: ta sayi jibgegiyar kwat a gwanjon kasuwar Katako, ko ta haɗa riguna marasa nauyi tana ɗorawa?

Mama tana bayan kwat, kuma tana da hujja. Idan iskar Janairu ta kaɗa mutum a tashar bas, kwat mai kauri ba ta da na biyu. Sai dai tana cinye rabin akwati, ga shi kilo 23 yawancin jirage ke yarje wa kowace jaka.

Ni na fi karkata ga ɗorawa. Sanyin hunturunmu busasshe ne, rana na ɗagawa ya lafa. Nasu jiƙaƙƙe ne, a yini ɗaya a ga yayyafi da iska da rana. Kuma ana ɗumama gidaje da azuzuwa da motoci. Mai kwat tana shiga sai zufa, in ta cire kuma ba wani abin kirki a ciki. Mai ɗorawa kuwa suwaita kawai za ta tuɓe ta jefa a jaka. Rigar ciki mai kama jiki, suwaitar ulu, sannan jaket mai hana ruwa da iska, kuma abaya tana zama a tsakani ba matsala. Kada auduga ta zama ta farko, don tana riƙe gumi ta huce a jiki. Ulu ko ya ɗan jiƙe yana riƙe ɗumi.

Safar ulu da takalmin da ruwa ba ya ratsawa kam, ni da Mama bakinmu ɗaya.