Wata huɗu na SIWES a wani banki a Gombe, ga yadda na same shi

Tunda na koma makaranta ƙannenmu 'yan ND1, wato 'yan shekarar farko ta difloma a poli, suke ta tambayata wai ya banki yake, ana koyar da aiki kuwa ko aike kawai ake ta yi da mutum, ana biya ko ba a biya, to gara in rubuta sau ɗaya kowa ya karanta. Ba zan faɗi sunan bankin ba saboda akwai abubuwan da ban ji daɗinsu ba kuma zan faɗe su, reshe ne dai babba a cikin garin Gombe kuma na yi wata huɗu a wurin daga Yulin 2024 zuwa Oktoba, wato tsakiyar damina, daga gidanmu a Pantami kullum keke biyu nake hawa kafin in isa.

Ga wanda bai sani ba, SIWES shiri ne da hukumar ITF mai kula da horar da ma'aikata ta kawo tun 1973 don ɗalibi ya je ya ga aiki da idonsa kafin ya gama karatu, mu 'yan poli wata huɗu muke yi bayan shekarar farko, ana ba ka takarda daga makaranta da logbuk da za ka riƙa cikewa kullum oga ya sa maka hannu duk ƙarshen sati. Takardar nan ku kai ta da wuri dan Allah, reshe ɗaya ba ya ɗaukan ɗalibai da yawa, mu uku ne kawai aka karɓa.

Sati biyun farko gaskiya ban ji daɗi ba ko kaɗan. Fotokwafi, jera fayil, kai wannan takarda sama, sauko da waccan ƙasa, ba wanda ya zaunar da mu ya ce ga yadda banki ke tafiya, kuma ba a ba ɗalibi lambar shiga kwamfutar banki, wannan kam na fahimci dalili tunda dukiyar mutane ce, amma ai ko a tsaye a bayan ma'aikaci za a iya barin mutum yana kallo. Akwai ranar da na buɗe logbuk na rasa me zan rubuta. Wannan laifin reshen ne, sun karɓi ɗalibai ba su tsara musu komai ba.

Abin ya canza ne ranar da aka mayar da ni teburin kula da kwastomomi wajen wata Anti da ta shekara da yawa a kan kujerar. Dalilin ma da ya sa aka kai ni wai an ji ina Fillanci da wata tsohuwa a bakin ƙofa, ƙofar nan mai gilashi da ke ƙin buɗewa in akwai makulli ko waya a jikinka, tsohuwar ta shiga ta fito sau uku har ta fara tsorata. Anti ta ce zo nan ƙanwata, daga yau kujerarki ga ta kusa da tawa. To a wannan teburin na koyi kusan duk abin da na koya a wata huɗun nan, kuma in za ku yi SIWES a banki ku roƙa a kai ku can, kar ku biye wa son zama kusa da ofishin manaja saboda sanyin AC.

Lokacin da na je ana cikin rikicin rufe akawun, saboda tun Disambar 2023 babban bankin ƙasa CBN ya ce kowane akawun sai an haɗa shi da BVN, lambar shaidar mai akawun, ko NIN, lambar shaidar ɗan ƙasa, manyan akawun kuma duka biyun, daga Maris 2024 wanda bai haɗa ba aka hana shi cire kuɗi. Har zuwa Yuli mutane ba su daina zuwa ba musamman na ƙauye da ba kullum suke taɓa akawun ɗin ba. Kuma matsalar kusan guda ɗaya ce, suna. A BVN an rubuta Mohammed, a NIN Muhammadu, a fom ɗin banki Mamman, wani sunan babansa ne a gaba a wannan kati a wancan kuma sunan garinsu, ranar haihuwa kuwa kowane mai rajista abin da ya ga dama ya sa masa. Lamba 11 ce BVN, NIN ma 11, lambar akawun 10, sai ka ga dattijo ya ciro takarda a ninke daga aljihun 'yar shara duk an rubuta masa su a jere bai san wacce ce wacce ba.

Akwai wani Baffa da ba zan manta da shi ba, daga wajen Dukku ya zo, ya sayar da shanu biyu aka tura masa kuɗin a akawun, shi kuma ƙaramin akawun ne irin na matakin farko wanda ba ya riƙe fiye da dubu 300, da kuɗin suka faɗa sai akawun ya kulle. Ya je wajen mai POS an ce ba ya fita, ya zo banki sau biyu ana ce masa ya je ya kawo kaza da kaza da Turanci da guntuwar Hausa, shi dai abin da ya fahimta kawai banki ya cinye masa shanu. Ranar da ya zo teburinmu hannunsa rawa yake, ya ajiye sandarsa a jikin kanta ya cire malafa ya ce 'yata ki gaya min gaskiya tsakaninki da Allah, kuɗina suna nan? Anti ta juyo da fuskar kwamfuta ta nuna masa adadin da yatsa, ta ce in karanta masa da Fillanci har sau biyu, sannan ta ɗauki farar takarda ta rubuta masa abu uku da zai kawo, katin NIN, hoto, da takardar wuta ta gidan da za a iya zuwa a same shi. Ya ce shi a ruga ina ya ga wuta. Sai aka gano yana da ɗa a Herwagana da yake sauka wurinsa in ya shigo gari, aka yi amfani da adireshin, ma'aikaci ya je ya duba gidan, kwana huɗu aka buɗe akawun ɗin. Da ya zo cira ya ƙi katin ATM sam, ya ce a ƙirga masa a hannu, aka ƙirga, ya ƙulle a ƙyalle ya tura can cikin aljihun ciki, yana ta useko useko, wato godiya da Fillanci, har ya fita. Abin da ya riƙe shi sati biyu yana zarya da kuɗin mota bayanin minti goma ne da harshen da yake ji, kuma wannan ya tsaya min a rai sosai, banki a gari kamar Gombe bai kamata a ce mai jin Fillanci a teburin kwastomomi sai an yi sa'ar ɗaliba ta zo IT, wato koyon aiki irin namu, ba.

Wani abin da aka yi ta tambaya lokacin shi ne ko bankin zai rushe, don a watan Yunin shekarar CBN ya soke lasisin Heritage Bank mutane suka tsorata. Nan na san aikin NDIC, hukumar inshorar kuɗin da mutane ke ajiyewa a banki, da gaske ba na haddar jarrabawa ba, cewa ajiyar mutum tana da inshora har naira miliyan 5 a bankunan kasuwanci, da dubu 500 ce kafin a ƙara a 2024. Anti takan ce wa masu ƙaramin ajiya Hajiya kwantar da hankalinki, naki ko me ya faru a cike za a ba ki. Sai kuma masu zuwa su ce su fa ba sa son a riƙa zuba musu kuɗin ruwa a akawun ɗin ajiya, kuma suna da yawa, wasu har su ce za su koma Jaiz ko TAJ, bankunan da ba sa harkar kuɗin ruwa, Jaiz ɗin tun 2012 yake aiki TAJ kuma 2019. Na ji daɗi da ba a taɓa yi musu gardama ko kallon raini ba, a ba su fom su cike shike nan.

Maganar ATM ya zare kuɗi bai bayar ba kuwa kullum ne. Dokar CBN in injin bankinka ne a mayar cikin awa 24, in na wani banki ne awa 48, amma na sha ganin wanda ya wuce haka nesa yana zarya, kuma reshen ba shi da abin yi sai tura ƙorafi hedikwata a jira, nan kam sun gaza. Mafi ciwo su ne waɗanda 'yan damfara suka kira a waya da sunan ma'aikatan banki suka karɓi lambobin jikin kati da lambar sirrin da ake turowa ta tes. Wata uwar adashi ta zo ta zauna a gabanmu ta kasa magana sai hawaye, kuɗin mutane ne a hannunta. Tun daga ranar duk wanda na miƙa wa sabon kati sai na ce Baba ko Inna, banki ba ya kiran kowa ya tambayi lambar sirri, ko wa ya kira ku kashe wayar.

Na yi sati uku a ɗakin ƙirgan kuɗi ma. 'Yan kasuwar hatsi suna kawo kuɗi a jakar Ghana-mas-go, takardun sun sha hannu, wasu da warin barkono wasu sun yi laushi saboda danshin damina, injin ƙirga ya yi ta cijewa sai an koma hannu da ɗan soso mai ruwa. Ni aikina jerawa ne, kai da kai, a ware yagaggu, guda 100 a ɗaure rafa ɗaya, kuma ba a taɓa barina ni kaɗai da kuɗi ba, ga kyamara ta ko'ina. A nan aka nuna min yadda ake gane jabu da taɓawa da ɗagawa a haske. Ƙarfe huɗu ake rufe ƙofa amma ba lokacin ake tashi ba, kowane kashiya sai abin da ke durowarsa ya yi daidai da abin da ke kwamfuta, in ya gaza daga aljihunsa zai cika, na ga wata ta zauna har bayan magariba tana bin tila, wato takardun zuba kuɗi da cirewa, ɗaya bayan ɗaya saboda dubu biyar. Kuma yawancin masu zama a kantar nan ma'aikatan kwantiragi ne, aiki ɗaya da na dindindin albashi ba ɗaya ba, duk mai burin aikin banki ya san da wannan tun yanzu.

Abin da ban so ba sam shi ne watan ƙarshe da aka haɗa mu da 'yan maketin ana tura mu kasuwa cikin rana neman masu buɗe akawun, har da cewa kowa ya kawo adadi kaza a sati kamar mu ma'aikata ne, alhali abin da ake ba mu a wata ko kuɗin keke bai kai ba ga man fetur ya ƙara tashi a Satumba. Ɗalibi koyo ya zo, in za a fita da shi a fita da shi ya ga yadda ake magana da ɗan kasuwa, ba a ɗora masa nauyin da ba a biyansa a kai ba. Wurin sallah akwai amma ƙarami ne sai an yi layi, hijabi kuma ba wanda ya taɓa yi min magana a kai, kaya dai su kasance masu duhu a goge.

In da maki ne zan ba su uku cikin biyar, kuma biyu daga ciki na teburin Anti ne. Wanda yake neman kuɗi ya nemi wani wurin, wanda yake son ya ga aikin da gaske ya je, ya tafi da abincinsa a kula da takalmi mara tsini, ya cike logbuk kullum kar ya tara. Ni dai in Allah ya kai mu IT na shekara ɗaya bayan ND can zan sake kai takardata, kuma na riga na gaya wa Anti ta ajiye min kujerar nan.