Mun hau tsohon jirgin ƙasa mai kwal a bakin ruwan Bristol

Ranar Asabar ɗin da ta wuce na kwashi yara muka je M Shed, gidan tarihin nan da ke bakin tsohuwar tashar jiragen ruwa ta Bristol a Ingila. Shiga gidan kyauta ne, amma ni abin da ya kai ni shi ne ɗan jirgin ƙasan da ke kai da komo a gefen ruwa, wanda ake yankar tikiti a hau, kuɗin ma ba wani mai yawa ba.

Kan jirgin da ya ja mu sunansa Henbury, kore ne, ɗan guntu mai tayoyi shida, kamfanin Peckett ne ya ƙera shi a nan cikin Bristol a 1937. Yana da ɗan'uwa Portbury wanda ya girme shi, shi kuma na kamfanin Avonside ne tun 1917. Dukansu ba a yi su don doguwar tafiya ba, aikinsu shantin ne a tashar jiragen ruwa ta Avonmouth, wato a tura tarago nan a ja wancan can, a jera su a gindin jirgin ruwa a loda kaya, a kwashe zuwa sito, haka wuni guda gaba da ribas har zuwa shekarun 1960 da injinan dizal suka karɓe aikin.

Gaskiya sai da na tsaya dab da shi na gane hikimar ƙirar. Tankin ruwansa a saman tukunyar yake, ya lanƙwasa ya rufe ta kamar sirdi a bayan doki, kwal ɗinsa kuma a jikinsa yake ɗauke da abinsa, babu wani tarago na daban da yake ja don ruwa da kwal irin na manyan jirage. Wani dattijo cikin 'yan sa kai da ke kula da jirgin ya yi min bayani cewa nauyin ruwan nan shi ke danne tayoyin su kama dogo sosai, shi ya sa ɗan ƙaramin abu yake iya jan kayan da suka ninka shi nauyi. Tayoyin kuma ƙanana ne a matse kusa da juna saboda layin dogon cikin tasha duk kwana-kwana ne masu tsanani tsakanin sito da sito, babban jirgi ba zai iya shan su ba. Ba gudu ake nema a wajensa ba, ƙarfi ake nema.

Abin da ya tsaya min a rai shi ne lokacin da mai zuba kwal ya buɗe bakin wutar. Daga inda muke tsaye muka ji zafin ya daki fuskarmu, ciki ja wur, ya cika shebur ya watsa ya sake cikawa, hannunsa baƙi ƙirin, ga tururi na fita ta ƙasa yana tsuwwa. Ƙaramar ɗiyata ta riƙe min riga ta ce "Baba, numfashi yake yi?" Wallahi haka sautin yake, kamar na dabba babba da ta gaji.

Zaman a buɗaɗɗun taragun kaya ne da aka sa wa benci, iska na kaɗa ka, kana wuce manyan injinan ɗaga kaya guda huɗu da suka rage a bakin ruwan, da wani tsoho mai aiki da tururi na 1878, har wajen da jirgin ruwan SS Great Britain yake ajiye, wanda shahararren injiniyan nan Brunel ya tsara aka jefa shi ruwa a 1843. Tafiyar gajeriya ce kuma a hankali ake yi, to ai dama haka aikinsa yake tun asali, wanda ke neman gudu ba nan zai zo ba. Tun 1978 ake ɗaukar mutane a layin nan, kuma 'yan sa kai ne ke riƙe da shi, su goge su shafa mai su hura wuta tun da sassafe, don tukunyar sai ta ɗau sa'o'i kafin tururi ya taru. Na jinjina musu sosai.

Shawarata ga mai son zuwa, ba kullum jirgin ke aiki ba, wasu ranakun ƙarshen mako ne kawai, saboda haka a duba intanet kafin a fito. A sa rigar sanyi ko da an ga rana don iskar bakin ruwa ba ta da wasa, kuma kar a sa farar shadda, burbushin kwal na sauka daga hayaƙin. In da yara, a nemi taragon da ke kusa da kan jirgin a riƙe musu hannu da kyau, usur ɗin yana da ƙara. Mu dai mun ce za mu koma da bazara in Allah ya kai mu, yayan nasu ya dage sai ya sake ganin yadda ake zuba kwal.