Manhajar ta ce awa 12, muka shafe kusan 14 a sama

Na daɗe ina amfani da wata manhaja mai lissafa nisa da tsawon lokacin tafiya tsakanin filayen jirgin sama, kuma a gajerun tafiye-tafiye ba ta taɓa ba ni kunya ba. Shi ya sa da tafiya ta kama ni daga filin jirgin Heathrow na Landan zuwa Haneda na Tokyo, ban yi wata-wata ba na buɗe ta. Ta nuna mini kilomita kusan 9,600 da awa 12 ba kaɗan, haɗe da zanen layi mai lanƙwasa da ya ratsa saman yankin Siberiya na ƙasar Rasha.

Wurin aikina ne zai yanka mini tikiti, kuma lokacin tashi kawai aka sanar da ni. Sai na ɗora lissafina a kan abin da manhajar ta faɗa, na ƙara awa 9 da Tokyo ke gaban Landan a lokacin hunturu, na sayi tikitin jirgin cikin gida zuwa Sapporo, irin wanda ba a mayar da kuɗinsa, na bar wa kaina ratar awa biyu da rabi. Ana gobe tafiya tikitin ya iso, ina ganin lokacin sauka gabana ya faɗi, domin ratar ba ta kai awa ɗaya ba. Tun watan Fabrairun 2022 jiragen Birtaniya ba sa bi ta sararin samaniyar Rasha, kamfanonin Japan ma sun ƙaurace masa, saboda haka jirginmu ya zagaya ta kudu, ya ratsa Asiya ta Tsakiya da ƙasar Sin. Kafin in gama da jami'an shige da fice in ɗauki kayana, jirgin Sapporo ya daɗe da tashi.

Gaskiya a wajen nisa manhajar ba ta yi kuskure ba, domin hanya mafi gajarta a kan doron duniya ita ce ta auna, kuma har yanzu zanen nata yana burge ni. Na so in yi mata uzuri a kan haka.

Amma da na gwada hanyar dawowa sai raina ya sake ɓaci, domin lokaci iri ɗaya ta ba ni, alhali iskar nan mai ƙarfi ta can sama daga yamma take kaɗawa zuwa gabas, tana tura mai zuwa tana danne mai dawowa. A dawowarmu ta wajen Alaska da Girinlan muka bi, muka haura awa 14. Abin da ya fi ci mini rai shi ne babu ko layi ɗaya a fuskar manhajar da ke gargaɗin cewa raba nisa da gudun jirgi kawai take yi. Na rubuta wa masu ita ƙorafi har sau biyu, ba wanda ya amsa mini, kuma jiya da na duba layin yana nan a saman Siberiya.