Tsohon otal ko sabo: ina za ka sauke Baba a Kaduna?

Ɗan'uwa, na ga tambayarka. Ka ce za ka kawo Baba ɗaurin aure Kaduna, kwana biyu za ku yi, shi kuma tun yana ma'aikaci a zamanin Jihar Arewa sunan otal ɗin Hamdala bai fita daga bakinsa ba. Kai kuwa hankalinka ya fi kwanciya da sabbin otal-otal na Unguwar Rimi ko Malali.

Tsohon otal ba ɗaki kaɗai yake sayar maka ba. Hamdala a farkon shekarun 1960 aka gina shi, lokacin Sardauna Sir Ahmadu Bello yana Firimiya, Kaduna kuma ita ce cibiyar mulkin Arewa baki ɗaya. Yana kan titin da dattawa har gobe suke kira Waff Road, wanda yanzu ya koma Muhammadu Buhari Way, ba nisa da filin Murtala. Takwaransa Durbar, da aka gina saboda hawan daba na FESTAC, bikin al'adun baƙar fata na duniya, a 1977, an rushe shi a 2020. Irin waɗannan gine-gine sun yi ƙaranci, shi ya sa ban ɗauki burin Baba da wasa ba.

Ginin wancan zamani yana da abin da kuɗi ba ya saya a yau: fili. Haraba mai faɗi, manyan itatuwa da inuwarsu ta rufe wurin ajiye motoci, doguwar baranda da dattijo zai taka a hankali bayan Asuba da carbinsa a hannu. Baƙi goma su zo gaishe shi, akwai inda za a zaunar da su cikin mutunci. Sabon otal sau da yawa gidan zama ne aka juya, ko fuloti ɗaya aka cika da bene. Mota shida ta shigo, sai mai gadi ya fara ƙwanƙwasa ƙofofi a zo a matsar.

Amma barci fa? Nan sabo ya fi yawan cin gari. Bututun ruwa da wayar lantarki suna tsufa kamar mutum, kuma duk ginin da ya haura shekara 60 sai an riƙa kashe masa kuɗi ba fashi. A sabon wuri galibi za ka tarar da na'urar sanyaya ɗaki mai lafiya, ruwan zafi da intanet. Sai dai ka lura da inda janareto yake. Na taɓa kwana a wani sabon otal da aka ba ni ɗaki daidai saman injin, gilashin taga yana kaɗawa har gari ya waye, ban runtsa ba.

Wajen abinci, Baba nake dubawa, ba kai ba. Sabbin wurare sun ƙware a soyayyar shinkafa da kaza, mai ya yi yawa, yaji ya yi yawa. Dattijo tuwon shinkafa da miyar taushe yake so, ko waina da safe, da shayi a buta wanda zai zauna ya sha ba mai tsaye a kansa. Babban ɗakin cin abinci na tsohon otal ya fi dacewa da irin wannan zama. Duk inda ka zaɓa, ka sanar da masu kicin tun da rana, domin tuwo ba a tuƙa shi don mutum ɗaya cikin minti goma. Tsire da balangu kuwa, ka aiki yaro waje bayan Magariba.

Da ni ne, zan aika wani ɗan'uwa da ke gari ya je duka biyun kafin a biya ko sisi. Ya buɗe famfo da hannunsa, ya kunna na'ura, ya tambayi ko akwai biki a zauren taro daren Asabar, ya nemi ɗaki a ƙasa saboda gwiwar Baba. In tsohon ya ci wannan jarrabawa, can za ka sauke shi, ko da kuɗin ya ɗan ɗara. In bai ci ba, ku kwana a sabon, amma ranar Lahadi ka ɗauke shi ku bi ta Waff Road ya ga wurin da idonsa, sannan ku wuce Arewa House a titin Rabah, gidan da Sardauna ya zauna. Ka bar waya a aljihu ranar, don labarin da zai ba ka a mota ba lallai ya sake maimaita shi ba.