Romeo da Juliet da Hausa: wasa ya yi kyau, amma an wanke Fada Lawrence

Matasan da ke nuna Romeo da Juliet da Hausa a wani zaure a nan Jos sun ci kuɗin tikitinsu da halal, kuma duk mai hali ya je ya gani. Kujerun roba ne, lasifika ɗaya tana ƙara in an ɗaga murya, ba a kuma fara kan lokaci ba. A tafi da rigar sanyi. Amma yarinyar da ta fito a Juliet ta riƙe zauren tun shigowarta, musamman inda take roƙon mahaifiyarta a ɗaga auren dolen da za a yi mata ko da na mako ɗaya ne.

Abin da ya burge ni, ba su ɗora wa ƙaddara komai ba. Shakespeare ya rubuta wasan wajajen 1595, kuma duk abin da ya faru a Verona, birnin Italiya inda gidan su Romeo da na su Juliet ke gaba da juna, bai cika mako ba: an haɗu Lahadi, an ɗaura aure Litinin, kafin Lahadi ta zagayo mutum 6 sun mutu. Romeonsu yaro ne da ba ya ganin kowa sai zuciyarsa. Da safe yana kukan wata budurwa Rosaline, da dare ya ga Juliet ya manta da ita. Sa'o'i kaɗan bayan ɗaurin aure ya kashe Tybalt, ɗan'uwan amaryarsa, bai tsaya ya tuna da ita ba.

Wanda ya fito a Capulet, mahaifin Juliet, ya fi kowa. Uban da ya ce wa Paris, mai neman auren 'yarsa, ya jira shekara biyu domin 'yar ba ta cika 14 ba, shi ne ya dawo ya sa ranar aurensu Alhamis, ya ce in ta ƙi ta je ta yi bara a titi, sannan ya janyo bikin zuwa Laraba don dai maganarsa ta tabbata. Zauren ya yi tsit. Mu da muka ga rikicin 2001 a garin nan mun san yadda gabar manya ke cin 'ya'ya.

Ƙorafina a kan Fada Lawrence ne, kuma ya dame ni ƙwarai. Shi ne babban da yaran suka amince da shi. Ya ɗaura musu aure a ɓoye da fatan sulhunta gidajen biyu, wato da rayuwar yara ya yi gwajin dabararsa. Ya ba yarinya maganin da zai kwantar da ita kamar gawa na sa'a 42 don ta kuɓuta daga auren Paris, ya danƙa wasiƙar da za ta sanar da Romeo, wanda aka kora zuwa garin Mantua, a hannun mutum ɗaya, ɗan saƙon kuma aka kulle shi a wani gida saboda zargin annoba. Mafi muni, da Juliet ta farka a kabari kusa da gawar mijinta, ya ji motsin masu gadi ya gudu ya bar ta ita kaɗai. Wannan gudun ne 'yan wasan suka yanke. Suka bar mana dattijo mai kyakkyawar niyya da sa'a ta ƙi. Shi ya sa a bakin ƙofa na ji wata uwa tana ce wa 'yarta, "Kin ga ƙarshen rashin jin magana ko?" Alhali Juliet maganar Fada ta ji har ta sha maganin.

Gudun nan bai fi minti biyu a kan dandali ba. Ina roƙonsu su maido da shi kafin nuni na gaba.